Baidu, WeChat da sauran ƙofofi: yadda ɗan kasuwa ke sa mai jin Sinanci ya same shi a intanet

Akwai wata sana'a da ta tsiro a gefen kasuwancin intanet, masu ita suna ce mata SEO. Aikinta shi ne a gyara shafin kamfani ta yadda idan mutum ya rubuta abin da yake nema a injin bincike, shafin zai fito a sahun gaba ba tare da an biya kuɗin talla ba. Kusan duk wanda ya koyi sana'ar a Afirka, Turai ko Amurka, halin Google ya koya: abin da yake so, abin da yake ƙi, da laifin da ke sa ya jefa shafi can ƙasa. Ranar da kamfani ya ce yana son masu saye daga cikin masu jin Sinanci, rabin wannan ilimin sai ya daina aiki. Abin da ya fi rikita mutane shi ne ba a ko'ina yake daina aikin ba.

A watan Maris na 2010 Google ya rufe injin bincikensa na babban yankin Sin, bayan takun saƙa da gwamnati kan tace sakamakon bincike da kuma kutsen da aka yi wa kwamfutocinsa, ya mayar da masu shiga zuwa shafinsa na Hong Kong. Zuwa 2014 an toshe shi baki ɗaya, har da Gmail. Facebook da YouTube da Twitter tun 2009 aka rufe musu ƙofa, WhatsApp ya bi sahu a 2017, Wikipedia ta kowane harshe a 2019. Ke nan mutum sama da biliyan ɗaya da ke hawa intanet a ƙasar, kusan dukansu ta waya, sun yi shekara goma sha biyar suna saye da sayarwa da bincike a wata duniya da ba ta san manhajojin da muka saba da su ba. Yaron da aka haifa a Chengdu a 2005 bai taɓa ɗaukar Google a matsayin wurin tambaya ba.

Wane mai jin Sinancin?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a kashe ko kwabo, kuma ita aka fi tsallakewa. Taiwan na da mutum kusan miliyan 23, Hong Kong wajen miliyan 7 da rabi. A Singafo kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan ƙasa asalinsu Sinawa ne, a Malesiya sun haura kashi ɗaya cikin biyar. Ga kuma miliyoyin da suka zauna a Amurka, Kanada, Ostireliya da Ingila. Duk waɗannan suna wajen katangar intanet ta Sin ne, wato tsarin da ke tacewa da toshe shafukan ƙetare, ba a cikinta ba. Google suke tambaya, YouTube suke kallo. Mutanen Taiwan da LINE suke hira, na Hong Kong da WhatsApp. Kamfanin da su yake nema bai da buƙatar Baidu, babban injin binciken Sin, ko kaɗan. Ilimin da ya sani na Google ya ishe shi, harshen kawai zai kula da shi.

Harshen kuwa ba ɗaya ba ne a rubuce. A 1956 gwamnatin Beijing ta fara sauƙaƙa haruffa, tana rage musu zane domin yaƙi da jahilci. Babban yankin Sin da Singafo da Malesiya suna amfani da sauƙaƙƙen rubutu. Taiwan da Hong Kong da Makau sun riƙe na gargajiya. Mai shafi yana gaya wa Google wane bugu ne na wa ta hanyar alamar hreflang, inda zh-Hans ke nufin sauƙaƙƙe, zh-Hant kuma na gargajiya. Baidu bai kula da wannan alamar, don haka wanda ke neman babban yanki gara ya ware masa shafi nasa na kansa. Akwai manhajojin da ke juya rubutu ɗaya zuwa ɗayan cikin ƙiftawar ido, amma suna tuntuɓe, domin sauƙaƙawar ta haɗe haruffa da dama wuri guda. Harafin da ke nufin fuska da wanda ke nufin taliya daban suke a rubutun gargajiya, a sauƙaƙƙe kuwa ɗaya ne. In inji ya zaɓi wanda ba shi ba, mai karatu a Taipei nan take zai gane ba a damu da shi ba.

Ko an daidaita haruffa, tsugune ba ta ƙare ba, saboda kalmomin ma sun sha bamban, kuma injin bincike da kalma yake aiki. Mai neman Najeriya a Beijing 尼日利亚 zai rubuta, na Taipei kuwa 奈及利亞. Abin dariyar ma, sunan da Taiwan ke kiran Nijar da shi, 尼日, shi ne haruffa biyu na farkon sunan Najeriya a babban yanki. Kalmar tudou dankali ce a Beijing, a Taiwan kuwa gyaɗa ce. Tasi sunanta daban a Beijing, daban a Taipei, daban a Hong Kong, daban a Singafo. Mai fassara yana iya ba ka jimla mai kyau wadda babu kuskure a cikinta, amma babu mai rubuta ta a akwatin bincike. Shi ya sa masu sana'ar ba sa fara aiki da fassara jerin kalmominsu na Turanci. Suna farawa ne da duba abin da mutane ke rubutawa da kansu, ta Baidu Index, mai nuna yawan neman kowace kalma, da shawarwarin da ke saukowa ƙarƙashin akwatin bincike, sannan su gina shafin a kan wannan.

Wani abu kuma da ya shafi injin kansa: Sinanci ba ya barin fili tsakanin kalma da kalma. Dole injin ya yanka jimla da kansa ya gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Sabon suna da bai taɓa gani ba yana iya yanka shi gida biyu, ya kawo sakamakon da ba shi da alaƙa da kamfanin. Taken shafi ma gajere ake so, domin abin da Baidu ke nunawa bai wuce haruffa kusan 30 ba, sauran ya datse.

Halin Baidu

Robin Li da Eric Xu ne suka kafa Baidu a Beijing a Janairun 2000, kuma har yanzu shi ke riƙe da kaso mafi tsoka na binciken shafuka a babban yanki, musamman a waya. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai 360 na kamfanin Qihoo, akwai Sogou da Tencent ya saye a 2021, akwai Shenma na Alibaba. Bing na Microsoft ma yana aiki a ƙasar, bisa sharaɗin tace sakamako, kuma ya sami karɓuwa wajen masu aiki da kwamfutar ofis. Wannan na ƙarshen bai kamata kamfanin da ke sayar wa kamfanoni ya raina shi ba, tunda injiniya ko jami'in sayen kaya a kan tebur yake bincikensa, kuma Bing ya fi Baidu sauƙin hali ga shafukan ƙetare.

Batun da ya fi cin kuɗi da lokaci shi ne inda shafin zai zauna. Duk shafin da aka ɗora a kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafuka, da ke cikin babban yanki sai ya yi rajistar da ake kira ICP a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa. Lambar rajistar ce ake gani a ƙasan kowane shafin Sin. Wanda zai yi wasu nau'o'in kasuwanci a kan shafin kuma akwai lasisi na daban da ya fi wannan wuyar samu. Rajistar tana buƙatar kamfani mai rajista a ƙasar, da mutum takamaimai da za a kama in an sami matsala. Babu dokar da ta ce Baidu ba zai nuna shafin da ba shi da ICP ba, kuma yana nuna su. Sai dai shafin da ke zaune a Landan ko Virginia dole bayanansa su ratsa katangar tacewa kafin su iso, kuma nan ake yin asarar daƙiƙoƙi. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke tsayawa a tsakiya, su ajiye shafin a Hong Kong, inda ba a neman ICP kuma tazarar ba ta da yawa.

Daƙiƙoƙin nan ba wasa ba ne. A 2017 Baidu ya sanar da wani tsari da ya sa wa suna walƙiya: shafin da fuskarsa ta farko ta buɗe a waya cikin daƙiƙa 2 za a fifita shi, wanda ya kai daƙiƙa 3 ko fiye za a danne shi. Kuma sau da yawa ba nisa ne ke kashe shafin ƙetare ba, kayan da aka liƙa masa ne. Bidiyon YouTube da aka saka a shafin farko, taswirar Google da ke nuna ofis, maɓallin Facebook, akwatin nan na Google da ke tambaya ko kai mutum ne kafin ka aika saƙo: duk a toshe suke. Waya za ta yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba, shafin ya tsaya rabi fari. Mai kamfani yana ofishinsa yana buɗe shafin lafiya lau, bai san cewa a Shanghai fom ɗin tuntuɓarsa bai taɓa aika saƙo ko ɗaya ba. Maganin ba wuya: bidiyo a ɗora shi a Bilibili ko Youku ko Tencent Video, taswira a ɗauko ta Baidu ko Amap, ƙididdigar masu shiga a yi ta da Baidu Tongji, lambar WhatsApp kuma a musanya ta da hoton lambar QR ta WeChat, manhajar hira ta kamfanin Tencent.

Gizo-gizon Baidu, wato manhajar da ke yawo tana karanta shafuka, bai kai na Google wayo ba wajen shafin da aka gina kacokan a kan JavaScript, harshen kwamfuta da ke fito da rubutu bayan an buɗe shafi. Ya fi son ya tarar da rubutu a fili tun buɗewar farko, da tsari mara zurfi inda kowane shafi bai yi nisa da na farko ba. Sabon shafi kuma yana iya yin makonni, wani lokaci watanni, kafin a ɗauke shi da muhimmanci. Akwai dandalin masu shafuka na Baidu, Ziyuan, inda ake miƙa adireshin sababbin shafuka kai tsaye, amma buɗe asusu a can ba tare da lambar wayar Sin ba wahala ce. Ta fuskar hukunci kuwa ya bi sawun Google: a 2013 ya fara kama masu sayen mahaɗai daga wasu shafuka, a 2017 ya juya kan masu kwafe rubutun wasu, da masu taken yaudara, da masu sa inji ya yi ta danna shafinsu domin ya hau.

To, a ce an yi duk wannan, an kuma yi daidai. Sai a buɗe shafin farko na sakamakon Baidu a duba wa ke zaune a kai. Sama talla ce. Ƙarƙashinta akwai Baike, kundin sani na Baidu da ya fara a 2006. Akwai Zhidao, dandalin tambaya da amsa nasa, akwai Tieba, zaurukan hirarsa, akwai Baijiahao, dandalin wallafa da ya buɗe a 2016. Sai Zhihu, wani dandalin tambaya da amsa, wanda Baidu ya zuba kuɗi a cikinsa a 2019. Gurbin da ya rage wa shafin kamfani mai zaman kansa kaɗan ne ƙwarai.

Sinawa da kansu sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan. A Afrilun 2016 wani ɗalibin Jami'ar Xidian da ke Xi'an, Wei Zexi, mai shekara 21, ya rasu da wani nau'in ciwon daji da ba kasafai ake ganinsa ba. Kafin rasuwarsa ya rubuta a Zhihu yadda ya sami wani asibiti a Beijing ta saman sakamakon Baidu, iyayensa suka kashe kusan yuan 200,000 a kan maganin da bai da tabbas, daga baya ya gane gurbin nan na sama sayensa aka yi. Ƙasar ta ɗauki zafi. A watan Mayu hukumomi suka umarci Baidu ya riƙa sa wa talla alama a fili, kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na sakamakon shafi, kuma kada kuɗi kaɗai ya zama ma'aunin wanda zai hau sama. A Janairun 2019 kuma wani masanin aikin jarida, Fang Kecheng, ya wallafa maƙalar da ta zagaye ƙasar, inda ya nuna yadda Baijiahao ya mamaye sakamakon bincike, ya ce Baidu ya tashi daga injin bincike ya koma mai tallar hajarsa.

Abu biyu ke fitowa daga nan ga ɗan kasuwa. Na farko, tunda gurabun sama na Baidu ne, hikima ita ce a shiga cikinsu: a samu shafi a Baike, a buɗe asusun Baijiahao ana wallafa bayani mai amfani, a amsa tambayoyin da mutane ke yi a Zhihu kan irin hajar. Baike ba ya karɓar kirari, yana neman madogara daga kafofin da ya yarda da su, don haka sai an fara fitowa a jaridun Sin tukuna. Na biyun ya fi nauyi. Mai saye a Sin ya sha wuya da jabun kaya da tallan ƙarya, har ya koyi kada ya yarda da abin da kamfani ya faɗa game da kansa. Ba ya cinikin biri a sama. Zai ga suna a wuri ɗaya, ya je wuri uku ya bincika ko wasu sun san shi.

Gidaje masu katanga

A 2008 Taobao, shafin saye da sayarwa na Alibaba, ya hana gizo-gizon Baidu shiga shafukansa, don kada masu saye su riƙa biyowa ta hannun wani. Wannan matakin ya zama al'ada. Rubuce-rubucen da ake wallafawa a asusun hukuma na WeChat, waɗanda suna cikin mafi ingancin abin da ake rubutawa da Sinanci a yau, ba a gina su don Baidu ya gani ba. A cikin WeChat ake nemansu, ko ta Sogou. Douyin, wato TikTok na Sin, haka, dandalin sada zumunta na Xiaohongshu ma haka. Har sai da ma'aikatar sadarwa ta tsawata a Satumban 2021 kafin manyan kamfanonin suka fara barin mahaɗan juna su buɗe a cikin manhajojinsu. Intanet ɗin da muka sani kamar kasuwa ce mai babbar ƙofa ɗaya, wanda ya sami rumfa a bakinta ya gama. Ta Sin kuwa unguwa ce ta manyan gidaje, kowane da katangarsa da zaurensa, kuma sai ka yi sallama a kowane daban.

Shi ya sa tambayar ina mutane ke bincike ta dogara da abin da suke nema. Budurwar da ke son man shafawa, ko ma'auratan da ke shirin tafiya hutu, ko uwar da ke tunanin tura ɗanta karatu Manchester, Xiaohongshu za su fara buɗewa. An kafa shi a Shanghai a 2013, akasarin masu amfani da shi mata ne matasa na manyan birane, kuma abin da ke jan su shi ne labarin wanda ya saya ya gwada, da hotonsa. Mai neman wurin cin abinci Dianping zai duba. Mai neman otal Ctrip ko Fliggy. Mai neman farashi Taobao ko JD ko Pinduoduo, ɗan sari kuma shafin 1688. WeChat, mai masu amfani sama da biliyan 1.3, yana da akwatin bincikensa da ke kawo maƙaloli da bidiyo da ƙananan manhajojin da aka fara a 2017. Kowane ɗaya yana da ma'auninsa na wanda zai fito gaba. A Xiaohongshu kalmar da ke cikin take da alamomin maudu'i suna aiki, amma yawan waɗanda suka adana rubutun da waɗanda suka yi sharhi ya fi tasiri. A WeChat sunan asusu da tantancewarsa suna da nauyi. A ganina jami'a ko otal ko mai kayan kwalliya da ya zuba duk kuɗinsa a kan hawa Baidu a yau ya makara da shekara goma.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da suna. Mutane ba sa rubuta sunan Turanci a akwatin bincike in suna da na Sinanci, kuma in kamfani bai raɗa wa kansa ba, masu saye za su raɗa masa, wani kuma ya riga shi yin rajista. Dokar tambarin kasuwanci ta Sin wanda ya fara kai takarda take bai wa, ba wanda ya fara amfani ba. Apple ya biya dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a ƙasar. A 2015 wata kotu a Guangzhou ta umarci kamfanin takalma na New Balance ya biya diyyar yuan miliyan 98 saboda amfani da sunan Sinanci da wani ya riga ya yi wa rajista, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa miliyan 5. Ɗan wasan kwando Michael Jordan ya yi shekaru yana shari'a da kamfanin Qiaodan, wanda shi ne sunan Jordan da Sinanci, kafin kotun ƙoli ta ba shi gaskiya kan haruffan sunansa a Disamban 2016. Waɗannan masu kuɗin lauya ne. Ƙaramin kamfani da ya yi shekara biyu yana ɗaga sunan da ba nasa ba ne a takarda, wani ya yi wa noma.

Sai kuma abin da aka halatta a rubuta. Dokar talla da aka sabunta a 2015 ta haramta kalmomin fifiko irin su mafi kyau, mafi girma, ko na matakin ƙasa, kuma tarar da ta tanada daga yuan 200,000 take farawa. Wani mai gasa ƙwayar chestnut a Hangzhou ya sha wannan tarar a 2016 don ya rubuta cewa tasa ta fi ta kowa, sai daga baya kotu ta rage masa rabi. Kalmomin da marubucin talla ya saba cusawa a take don jan ido su ne ainihin waɗanda aka hana. Siyasa ma tana nan. A Janairun 2018 otal-otal na Marriott suka aika wa kwastomomi takardar tambayoyi da ta jera Tibet, Taiwan, Hong Kong da Makau a cikin ƙasashe, hukumar intanet ta Shanghai ta sa aka rufe shafinsu na Sinanci da manhajarsu na mako guda. Mutum yana da damar ya ga wannan sharaɗin bai yi masa ba, ya haƙura da kasuwar. Abin da bai dace ba shi ne ya shiga bai sani ba. Kuma lafazin da zai gamsar da Beijing shi ne zai ɓata wa mai karatu a Taipei rai, wani dalilin ke nan na raba shafukan. Tun Nuwamban 2021 kuma akwai dokar kare bayanan mutum, wadda ta shafi har kamfanin ƙetare da ke tattara bayanan mazauna Sin don sayar musu da kaya.

Ƙaramin ɗan kasuwa fa?

A ɗauki mai fitar da riɗi. Sin ce kan gaba a duniya wajen sayen riɗi daga waje, Nijar da Sudan suna cikin manyan masu kai mata, kuma tashar Huangdao da ke Qingdao ita ce babbar mashigarsa. Mai tara kaya a Dawanau ko Maraɗi da ke son ya tsallake dillalai ba ya neman mutum miliyan. Masu shigo da riɗi na gaske 'yan kaɗan ne, kuma ba ta Baidu suke fara gano mai kaya ba. Ta baje koli suke ganowa, irin na shigo da kaya da ake yi a Shanghai duk Nuwamba tun 2018, ko ta abokan sana'a, ko ta zaurukan WeChat. Binciken yana zuwa ne daga baya, lokacin da aka miƙa musu kati suka koma masauki suna son su tabbatar kamfanin na gaske ne. Sun saba duba kamfanonin gida a Tianyancha ko Qichacha su ga rajista da shari'o'insu. Na ƙetare ba su da wannan, sai abin da bincike ya nuna musu.

Ga irin wannan ɗan kasuwa, neman ICP da kafa kamfani a Sin ɓarnar kuɗi ce. Abin da zai biya kuɗin sabulu shi ne shafi mara nauyi na 'yan fuskoki, a sauƙaƙƙen rubutu, wanda ɗan harshen ya rubuta, yana zaune a Hong Kong ko Singafo, an kuma sa wani da ke cikin ƙasar ya gwada buɗe shi da wayarsa. A cikinsa a sa abin da mai saye ke tambaya: yawan mai, tsabta, danshi, tashar lodi, hoton sito na gaske, da lambar rajista da hukumar kwastan ta Sin, GACC, wadda tun 1 ga Janairun 2022 ta wajabta wa masu sarrafa abinci na ƙetare yin rajista. Burin ba wai a zo na ɗaya a kan kalmar riɗi ba ne. Burin shi ne wanda ya rubuta sunan kamfanin ya same shi.

Akwai kuma Sinawan da ke zaune a Legas, Abuja, Kano, Yamai ko Akra, ma'aikatan kamfanonin gine-gine da ma'adinai da masana'antu. Babu katangar da ta hana su Google, amma ɗabi'a ta biyo su. Otal, asibiti mai zaman kansa, lauya ko mai fito da kaya daga tashar ruwa da ke son cinikinsu zai fi samunsu ta WeChat, inda ake tura wa juna sunan wanda aka gwada aka ji daɗinsa.

Hattara da masu zuwa da alkawarin shafin farko cikin mako guda. Kasuwar ɗagawar gaggawa tana da girma a Sin, kuma yawancinta inji ne ke kwaikwayon dannawar mutane. Shafin yakan hau, sannan Baidu ya gano ya jefar da shi, kuma adireshin kamfanin ne ke ɗaukar tabon, ba na ɗan kwangilar ba. Duk wakilin da za a ɗauka, a tabbatar asusun Baidu da na WeChat da rajistar adireshin shafin da sunan kamfanin aka buɗe su. In da sunan wakili ne, ranar da aka ɓata da shi ya tafi da komai.

Sabon abin da ke sauya lissafin shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu ba da amsa kai tsaye. Baidu ya fito da Ernie a Maris na 2023. Bayan DeepSeek ya girgiza duniya a Janairun 2025, cikin wata guda Baidu ya sanar da saka shi a bincikensa, Tencent ma ya fara gwada shi a akwatin binciken WeChat. ByteDance na da Doubao, Tencent na da Yuanbao. Mai tambaya yanzu yakan karɓi amsa a dunƙule ba tare da ya danna shafin kowa ba, kuma amsar daga rubutun Sinanci da manhajar ke iya kaiwa gare shi ake haɗa ta. Katangun nan sun biyo har nan: Yuanbao yana ɗebowa daga maƙalolin asusun hukuma na WeChat, waɗanda abokan hamayyarsa ba su da irin wannan damar a kansu. Kamfanin da bayaninsa na Turanci ne kawai, a kan shafin da ke Virginia, da wuya sunansa ya shiga amsar ko ɗaya daga cikinsu.